Ƙofofin Birni a Cikin Wayata

Ku 'yan matan yanzu da kuke shimfiɗa atamfa a kan gado, ku ɗauki hotonta ku watsa wa duniya, kuna cewa kun zama dillalai, ku zauna in gaya muku abin da ake kira dillanci. Ni ce Tumba ta Ƙofar Rini. Na fi shekara arba'in ina ɗaukar kayan mata daga wannan gida zuwa wancan. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma babu zauren da ƙafata ba ta sani ba daga unguwarmu har Ƙofar Marke. Gida ɗaya ne aka taɓa rufe mini a birnin nan, shi ma waya ce ta jawo. Saboda wannan gidan na yi wuni guda a shago ina zaɓen sabuwar waya, har mai shagon ya ce ko suruka nake zaɓe da na gama.

Aikin farko da Gwaggona ta ba ni, don ita ce ta koya mini sana'ar, zane ne guda ɗaya na wata mata da lalura ta taso mata. Na ɗauka zan fita da shi nan take. Gwaggo ta karɓe ta kai shi hancina.

Ta ce, "Mi kinka ji?"

Na ce turare.

"Na wane gida?"

Na faɗi gidan.

Ta ce, "To ke da kinka hwara jiya kin gane. Matan birni hwa?"

Kwana uku zanen nan yana shan iska a kan igiya. Da ƙamshin ya fita, ta warware shi ta sake ninkewa irin nata, domin kowace mace da yadda take ninke kayanta, kuma 'yan'uwanta sun san hannunta. Matar da ta ba ki sarƙarta ko tasoshinta ki sayar, ba gajiya ta yi da su ba. Wani abu ne ya taso wanda ba ta son a ji. Kayan ki kai kasuwa, sunanta ki bar shi a cikinki. Sana'ar ke nan gaba ɗaya, sauran duk tafiya ce.

Kayan aikinmu ba yawa. Gammo, da babban mayafi na ɗaure kaya, da lalita a ƙugu, da ɗan baƙin dutse na goga zinari, da farin ƙyalle. Ki jiƙa gefen zane ki murza a ƙyallen, in mai zuba ne zai faɗi da kansa. Ku kuwa sai ku ɗauki hoton sarƙa a kan zanen gadon mai ita, ga labulenta a baya, ga gefen madubinta, kowa ya gani ya san ɗakin. Ni in zan ɗauki hoton kaya yanzu, a kan tsohuwar tabarmata nake ɗauka, a tsakar gidana.

Ranar da na fara riƙe waya, wata mata a Kalambaina nake son in tambaya ko har yanzu tana son tukwanen da ta yi mini magana. A da sai in kashe wuni, in shiga mota, in dawo fari fat da ƙurar siminti, wani lokaci in tarar ta fasa. Ran nan ina zaune a kan turmi a gidana na ji muryarta a kunnena kamar tana bayan ƙyaure. Da muka gama na juya abin ina duba ta inda ta shigo. Ƙaramar waya ce mai madannai, mai tocila a ka, tsawonta bai kai tafin hannuna ba. In an yi mata caji ran Juma'a sai Talata za ta nemi wani. Ta faɗa kwata sau biyu, na ciro na shanya ta tashi. Har yau ban ga ƙarfe mai haƙuri irin nata ba.

Wanda yake zuba mini lambobi shi ne Malam Modi, lokacin yana da rumfar caji a bakin titinmu. Tun da ba na karatu, sai na ƙirƙiro dabarata. In na buɗe wurin sunaye, na san in na danna ƙasa sau uku matar Kalambaina ce, sau biyar mai sayen tasoshi, sau bakwai Hajiya Nana. Ko hannuna yana cikin lalita sai in ƙirga da ɗan yatsa in kira wadda nake so ban duba ba. Shekara biyu ina haka ban kuskure ba, har na fara yi wa masu ilimi dariya ina cewa su sai sun ƙura ido.

Hajiya Nana ba sunanta ke nan ba, kuma ita ta yarje mini in ba da labarin, tun da birni ya riga ya ji. Matar wani malami ce a Ƙofar Marke, gidan karatu na asali, irin gidan da ba a ɗaga murya. Tun tana amarya nake shiga wurinta. Wata rana ta kira ni ƙuryar ɗaki ta ciro sarƙar zinari da 'yan kunnenta, tsohon aiki, mai nauyi. Uwar mijinta ce ta ba ta kafin ta rasu. Malam mijinta ba shi da lafiya, ana son a yi masa aiki a asibiti, shi kuma ya hana a gaya wa danginsa. Ta ce, "Tumba, daga ni sai ke." Na sa a lalita na fito.

Cikin mako na samu mai saye. A safiyar ranar wata sabuwar mai ciniki ta ba ni lambarta a takarda, na biya wurin Malam Modi ya zuba mini. Ni a tunanina wanda ya zo daga baya a baya zai tsaya, kamar layin famfo. Ashe waya tana da nata tsarin jera mutane, sabuwar nan ta shige tsakiya ta ture kowa gaba da taki ɗaya. Na danna sau bakwai. Ana ɗauka, ban jira na ji murya ba, don ɗoki, na ce, "Hajiya Nana, sarƙar tsohuwa ta samu mai saye, a gaya wa asibiti su shirya."

 Sai aka ce, "Wace sarƙa? Wa ag ga asibiti?"

Hajiya Luba ce, ƙanwar Malam mijin Hajiya Nana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma mai cinikina ce, ita ce a da take ta shida.

Kafin la'asar dangi sun cika gidan. Aka karɓi sarƙar daga hannuna, su suka haɗu suka kai Malam asibiti, ya kuma warke. Amma an ce Hajiya Nana tana sayar da kayan gado a ɓoye, tana ɓoye musu ciwon ɗan'uwansu. Ba ta ce shi ya hana ba, ta shanye. Da na je ba da haƙuri, a zaure aka tare ni aka ce ta ce in koma, kada in sake.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Matan da suke ba ni zinari suka koma ba ni tsofaffin kwanoni. In na yi sallama da hantsi sai a ce Hajiya tana barci. Na koma kasa kuka da daddawa a ƙofar gida, ni da nake ɗaure dukiyar manyan gidaje a ƙuguna. A hankali aka ga ban sake ba, gidaje suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaukar wa kaina doka, in na kira ba na cewa komai sai an yi magana na tantance murya. Kowa ya dawo ban da Hajiya Nana. Shekara tara ina bin layinsu ina wuce ƙofar. Lambarta kuwa ban bari an goge ba.

Bara ƙaramar wayar ta gaji. Madannanta sun suɗe, baturin ya kumbura har sai na ɗaure bayanta da kyauron roba. Ga masu saye kowa sai ya ce, "Inna, turo hoto." Sai na yi wanka na nufi wurin Malam Modi, wanda yanzu ya bar rumfa ya buɗe shagon waya, da gilashi da fanka, gemunsa ya yi fari. A lalitata na tafi da guntun shadda ruwan goro wadda ta ɗan koɗe, da ɗan kunne guda na zinari.

Ya ce, "Inna Tumba, yau za a yi ritayar tsohuwa ke nan?"

Na ce, "Kai ka kashe ni da ita, kai za ka tashe ni da wata."

Ya ce, "Ni suna kinka ce in sa, na sa. Ban san ƙidaya kika yi ba."

Ya jera mini guda uku a kan gilashi, duk faɗinsu kamar marfin kwano, ba madanni ko ɗaya. Na ce ta ina ake danna su. Ya shafa fuskar ɗaya da yatsa, sai ta waye kamar an buɗe taga. Na ja baya kaɗan.

Ta farko ita ce yake yabo, ya ce 'yan mata har rubibinta suke yi saboda hoto. Na shimfiɗa guntun shaddar na ce ɗauka. Ya ɗauka ya nuna mini. Shaddar da na san ta sha wanki ta fito tana ƙyalli kamar yau aka sauke ta daga mota. Na ce juyo ta gare ni. Ya juyo. Na ga wata mata sumul, fara, ba tamoji, har tsagar kumatuna ta dushe.

Na ce, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Ya ce, "Ke ta, Inna. Gyara takai."

Na ce, "Wadda taka yi wa huskata ƙarya a gabana, mi za ta yi wa zanen mutane a bayana? Ɗauke ta."

Ku lura da wannan. In hoto ya fi kaya kyau, ranar da aka kai kayan za a dawo miki da su, kuma ba za a ce waya ta yi ƙarya ba, ke za a ce.

Ta biyu ba ta buɗewa sai ta shinshina ɗan yatsan mai ita. Abin ya burge ni, na ce ga mai riƙe amana. Na ɗora babban yatsana, ta ƙi. Na goge na sake, ta ƙi. Malam Modi ya riƙe yatsan ya duba ya ce shekaru da ƙullin kaya da lalle sun cinye zanen da ke jiki, ba abin da za ta karanta. Na ce to ni da ita mun yi daidai, ba mai karanta wani. Aka ture ta gefe.

Ta ukun ba ta da kwalliya, ta fi su kauri, ya ce ita ce mai riƙe caji kuma muryarta tana da ƙarfi. Ya ɗauki shaddar, ta fito da koɗewarta yadda Allah ya yi ta. Sai ya sa yatsu biyu a kan hoton ya buɗa su. Zanen ya taso ya matso, ya ƙara matsowa, har na ga zare ɗaya ɗaya yana hawa kan ɗan'uwansa, har da wata 'yar huda da ni mai shaddar ban san da ita ba. Na ajiye ɗan kunnen na ce yi wa wannan. Ya yi. Hatimin maƙera da ke bayansa, wanda na yi shekara biyar ina lalube da farce saboda idona ya daina kama shi, ga shi ɓaro-ɓaro kamar an zana a bango. Na daɗe ina kallo. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan hikima.

Ban gama da wannan ba ya ce in riƙe wani ɗan tabo in yi magana. Na ce, "Salamu alaikum, Tumba ta." Ya taɓa, sai ga muryata ta dawo mini, da kakin da na yi a farko. Ya ce wannan saƙon murya ne, ba sai na rubuta komai ba. In na faɗa zan iya saurara tukuna, in ya yi mini in tura, in bai yi ba in zubar, ba wanda ya ji.

Na ce, "Tsaya. Maganar ta riga ta hita bakina?"

"Ta hita."

"Kuma ana iya kamo ta kahin ta isa?"

"Ana iyawa."

Na nemi kujera na zauna. Na sa ya yi mini sau huɗu ina gani.

Kada ku ce na raina tsohuwar. Sabuwar nan kullum sai ta ci caji, ga data kamar ana ba doki dawa, ga ta da tsoron ƙasa, sai an saya mata riga an liƙa mata gilashi. Ba a kiranta a cikin lalita, sai an fito da ita an dube ta ido da ido. Amma abin da ya kawo ni shagon ban faɗa ba tukuna. Na ce, "Modi, ba ni ƙara ƙidaya har in mutu. Ƙaƙa zan san wadda nika kira?"

Ya ce da sauƙi, kowace lamba ana liƙa mata hoton mai ita, in ga fuska in taɓa.

A nan aka samu cikas. Matan da nake hulɗa da su ba masu yarda fuskarsu ta zauna a wayar da ke yawo gida gida ba ne, balle wadda namiji zai riƙa gyarawa. Biyu na tambaya, dukansu suka rufe fuska da mayafi suna dariya. Ina fitowa daga gida na biyun na tsaya ɗaura takalmi, na ɗaga kai na ga ƙofar, koriya mai tsatsa a gindi. Ai ni tun ina yarinya da ƙofa nake sanin mutane. Na ɗaga wayar na ɗauka.

Mako biyu ina zagaya birni ina ɗaukar ƙofofi, da yamma in kai wa Malam Modi ya liƙa kowace a lambarta. Mai shuɗin ƙyaure, mai dakali biyu, mai bishiyar dogon yaro a gefe, ta Kalambaina mai furfurar siminti. In na shafa wayar sai birni ya riƙa wucewa a tafin hannuna. Ƙofar gidan su Hajiya Nana na bari ƙarshe, tsohon ƙyauren katako mai manyan ƙusoshi. Na tsaya daga tsallaken layi na ɗauka da sauri na wuce.

Ashe an gan ni. Kwana biyu aka aiko wai Hajiya Nana tana nemana.

Na same ta a kan darduma da carbi, ta yi furfura, ta rame kaɗan. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ba ta ce in zauna ba.

Ta ce, "An ce an gane ki kina ɗaukar hoton gidanmu. Wancan karon da baki kinka kai mu duniya, yanzu da hoto za ki kai mu?"

Na durƙusa na miƙa mata wayar, na nuna mata yadda ake shafawa. Ta riƙa turawa da yatsa a hankali, tana gane gidajen da kanta. Da ta zo kan wata jar ƙofar ƙarfe ta tsaya.

"Wagga ta Luba ta."

Na ce, "Ita ta. Ga taku nan gaba. Ko makaho ba shi haɗa su."

Ta daɗe tana kallon ƙyauren gidan da ta yi shekara talatin a bayansa, wanda da wuya take ganinsa daga waje. Ta ce, "Ashe haka ya tsuhwa." Sannan ta miƙo mini. "Taɓa in gani."

Ban san ko ta sauya lamba ba a shekara taran nan. Na taɓa ƙyauren. Shiru, shiru, sai ga ƙara daga ƙarƙashin matashin da take jingine. Ta ciro wayarta, ga ni durƙushe a gabanta, ta kai kunne. Ni ma na kai tawa. Ban ce uffan ba. Ita ma ta yi shiru tana kallona, tana jira ta ga ko zan riga ta. Muka zauna haka har kazar da ke tsakar gida ta shigo ta fita.

Can ta ce, "Salamu alaikum."

Na ce, "Wa alaikumus salam. Wa ka magana?"

Sai ta kashe wayar ta ɗan juya fuska gefe, kafaɗarta tana motsi. Ta ce, "Tashi daga ƙasa, tsohuwar banza, gwiwunki ba na durƙuso ba ne yanzu." Ta sa aka kawo fura. Da muka sha, ta tashi ta leƙa tsakar gida, ta saki labule, ta ce in biyo ta ƙurya.

Na san yanzu kun miƙo wuya kuna son ku ji abin da ta ba ni. Na fito da shi, na sayar, na kai mata abinta har ɗaki. Iyakar abin da za ku ji ke nan.